Motar da Maigidana Ya Tuƙa a Boma

Yanzu in mutum ya sayi mota a garin nan, kafin a tambaye shi launinta sai an tambaye shi ko 'yar Japan ce. In ya ce e, sai a ce masa ya huta. Akwai kamfani ɗaya daga cikin nasu da har masu dakon tattasai da dillalan kifi sun haddace sunansa, suna ta zuba masa kirari, wai motarsa ba ta san taɓo ba, ba ta san rairayi ba, sai dai mai ita ya tsufa ya bar ta. Ni kam in ana wannan yabo gum nake yi da bakina. Na ga zamanin da faɗin rabin wannan magana ya sa mutanen Haɗeja suka ɗauki mutum mai cikakken hankali a matsayin maƙaryaci, wasu ma suka ce taɓaɓɓe ne. Mutumin nan mijina ne. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa kiransa da shi ba yana raye, ba kuma yanzu zan fara ba.

Sai an san yadda muka ɗauki kayan Japan a lokacin sannan za a gane abin da ya same shi. Tun ina yarinya, kafin yaƙi, ake kawo su kasuwa: yadi, kwanon sha, fitila, madubi, har keke. Ga araha, ga ƙyalli. Innata ta taɓa sayen wani zane mai jajayen furanni, ta kai shi kogi wankin farko, ta dawo da shi fari-fari, jan ya bi ruwa ya tafi Gashuwa. Kwanon kuwa sau ɗaya zai faɗi fentinsa ya ɓare, kwana kaɗan ya huje. Daga nan duk abin da ba ya ƙarko ya zama kayan Japan a bakinmu. Jakin da ya kwanta da kaya a hanya na Japan ne. Auren da ya mutu kafin lallen amarya ya goge, shi ma auren Japan muke ce masa.

Shi maigidana an ɗebe shi soja yana saurayi, zamanin Turawa, aka koya masa tuƙi, aka haye da su teku zuwa yaƙin Boma. Ya dawo a rame, da akwatin ƙarfe, da takalmi sau-ciki, da takardar shaidar tuƙi wadda yake naɗewa a tsumma. Bayan dawowarsa da shekara biyu aka ɗaura mana aure. Baffana bai so ba sosai, don 'yan Boma ba su da farin jini wajen surukai. Wasu sun dawo suna magana su kaɗai, wasu in an harba bindiga a biki sai su zube ƙasa, sauran kuma ga su da labari: macijin da ke haɗiye soja har da bindigarsa, ruwan saman da ake wata uku bai ɗauke ba. Amma ni na ga mutum mai tsabta, mai sanyin murya, wanda in ya zo zance ba ya cika ni da surutu, na ce shi nake so. Baffa ya ce to, ni zan zauna da shi ai, ba shi ba.

Watanmu huɗu da aure wani mai lori a cikin gari, wanda ke jigilar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, ya aiko kiransa. Direbansa ya bar aiki, yana neman wani. Magana ta kusa ƙarewa, har an sa ranar da zai karɓi makulli. Suna zaune a zauren mai lorin da hantsi, ana cin goro, sai wani ya tambaye shi cikin duk motocin da ya tuƙa a soja wacce ta fi. Da ya ce ta Ingila ko ta Amurka, da shi ke nan. Sai ya ce ta Japan.

An gaya mini zauren ya ɗauki dariya har wani ya ƙware da goro. Mai lorin bai yi dariya ba, kallonsa kawai ya yi, washegari ya ba wani makullin. Abin da ya faɗa daga baya, wanda ya zaga gari har ya iso kunnena a wajen daka, shi ne ba zai damƙa dukiyarsa da rayukan mutane a hannun wanda ya baro hankalinsa a Boma ba. Masu lori a lokacin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma bakinsu ɗaya ne. Tun daga ranar babu wanda ya sake ba shi sitiyari. Aka laƙaba masa direban Japan, yara na faɗa, manya na faɗa. Ya koma noman shinkafa a fadama, in ruwa ya ja ya shiga su, wato kamun kifi, ranar kasuwa ya zauna gindin tsamiya yana liƙin tayar keke. Abokansa sun sha ba shi shawara ya koma zauren nan ya ce wasa yake yi, a wuce wurin. Ya ce bai iya ba, don abu ne da ya gani da idonsa.

Tuƙin bai fita daga ransa ba. In lori ta taso daga nesa, ko yana tsakiyar cin abinci sai ya dakata da loma a hannu, ya kasa kunne. Wani lokaci ya ce wannan direban zai kashe giyar nan, wani lokaci ya ce wannan ya iya. Sannan ya ci gaba da cin tuwonsa.

A gida ni yake ba labarin. Ya fi ba da shi da damina, in ruwan rana ya tsare mu a ɗaki, ni ina kaɗi, shi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Wai suna cikin daji, laka har gwiwa, motocin Turawa duk sun kafe an bar su a jere. Sai suka tarar da wata lori a bakin rafi, sojan Japan sun gudu sun bar ta, tayarta shida, a jikinta rubutu kamar sawun kaza. Ya buɗe ta, ya tsane mata ruwa daga inji, ya yini a ƙarƙashinta, ta tashi. Wata uku yana tuƙa ta, ya kai shinkafa gaba ya dawo da masu rauni baya, ko sau ɗaya ba ta ba shi kunya ba. Har rafin da ruwansa ya kai ƙofa ta ratsa da shi. Ranar da aka ce su tashi ta jirgin ruwa, hafsansu Bature ya sa aka cinna mata wuta don kada ta koma hannun masu ita. A nan yake tsayawa kullum, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ita ba ta san yaƙin wa ake yi ba.

In ya kai wurin ƙetare rafi sai ya ajiye komar, ya ɗauki faifaina ya riƙe da hannu biyu, yana juya shi a hankali, yana taka ƙasa da ƙafar dama. Ni kuwa kaina a sunkuye. Haka aka yi mana tarbiyya. Mutanen gidanmu asalinsu makiyaya ne, sun zauna sun zama manoma amma kunyar ba ta bar su ba. Mace ba ta kallon fuskar miji in yana magana, ba ta ce masa ƙwarai, ba ta ce masa haba. Ta yi shiru, in ya gama ta ce to. Shekara da shekaru abin da nake ce masa ke nan.

Ina son jin labarin nan, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ina son yadda muryarsa ke sakewa in ya shiga ciki, ina son hannuwansa a kan faifan, waɗanda nake satar kallo ta gefen ido. Har fata nake yi a yi ruwan rana. Amma ko kalma ɗaya ban gaskata ba. Mutanen da suka kasa yin kwanon sha, su ne za su ƙera abin da zai fi na Bature? Na ɗauke shi irin hirar 'yan Boma, mai daɗin ji, wadda mai ita ya maimaita har ya yarda da ita da kansa. Ina ma jin haushinsa a ɓoye, duk ranar da lorin nan ta wuce da wani a ciki, ni kuma ina surfen shinkafar da na san ba za ta kai mu bazara ba.

Wanda ya fi muni shi ne na bakin kogi. Matan unguwa, in mun je wanki, sukan tambaye ni ya direba, ya mota, an dai sha mai ko. Da farko nakan share. Daga baya na gane in ban riga su ba, ni za su mayar abin dariya, sai na fara ɗaukar murfin kwano ina kwaikwayonsa, ina juya shi, ina taka ƙasa, ina yin muryarsa. Na iya kwaikwayo, Allah ya yafe mini. Har kwanciya suke yi a kan rairayi don dariya. In na gama in ɗauki wankakkun kayansa a kai in koma gida, in durƙusa in ba shi ruwa.

Duk da haka shekarun nan su nake kewa. Kogin lokacin ba na yanzu ba ne, babu wanda ya tare shi da madatsar ruwa daga sama. In ya kawo, fadama takan cika har ido ya gaza, ƙauyuka su zama tsibirai, a koma zirga-zirga a kwalekwale ko a rungumi gora a haye. Tsuntsaye irin su dinya da kirinjijiya su sauka har su rufe ruwa. Yakan dawo da la'asar ƙafafunsa furu-furu da busasshiyar laka, tarwaɗa a soke a jikin kaba, bado a aljihu saboda yara. Ba mu da komai, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba.

Ana ta maganar Turawa sun kusa tafiya, 'ya'yanmu uku lokacin, sai ƙanwata ta haihu a ƙauyenmu can wajen Baturiya, muka je suna. Kaka ce, ruwa ya fara ja, hanya ta buɗe wa ƙafa amma ba ta gama bushewa ba. Muka kamo hanyar gida da sassafe, shi a gaba da sanda da ƙunshin kaya, ni a baya da goyo, tsakaninmu kamar taku goma, yadda aka saba.

A wani mashigi, inda hanya ke ratsa kwari, muka tarar da taro. Wata 'yar mota ce gajera, mai tsayin ƙafa, rufinta na tamfol, ta nutse a taɓo har ciki. Mutanen ƙauyen da ke kusa sun fito gayya, sun yanko kaba, sun kwanto zana an cusa ƙarƙashin tayoyi. Ana turi, direban na ta ba ta wuta, tayoyin baya na juyawa a wuri ɗaya suna yi wa masu turin wanka da laka. Mai motar wani attajiri ne daga Kano da ya zo sayen bandar kifi, yana tsaye a kan tudu ya tattare babbar rigarsa. Na raɓe gindin wata giyayya tare da matan da suka zo kallo, kusa dai yadda ina jin komai.

Na ji ana ta dariya, nan kuma na gane dalilinta. Attajirin da bakinsa ya ce sabuwa ce, daga Ikko aka kawo masa, ƙirar Japan ce. Malaminsa mai riƙe masa takardu, don ya kare ubangidansa, sai ya ƙara da cewa kamfanin babba ne a ƙasarsu, asalinsa ma injin saƙa yake ƙerawa kafin ya shiga ƙirar mota. Ai kuwa sai ya ƙara jiƙa aiki. Wani tsoho ya ce to a kawo mata zare mana, ƙila saƙa take marmari. Ana cikin haka wani masunci da ya san mu ya hango maigidana, ya ce ga mai ita nan ya iso, a ba direban Japan hanya. Na yi fatan ya wuce kamar bai ji ba, yadda ya saba yi a kasuwa.

Bai wuce ba. Ya ajiye kaya, ya jingine sanda, ya gai da attajirin ya nemi izini. Ya zaga motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ta gaba, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa direban ya daina ba ta wuta, rami kawai take ƙara haƙa wa kanta. Ya nuna masa wani ɗan ƙarfe da ke kusa da giya ya tambaye shi na mene ne. Direban mutumin birni ne, kwalta ya sani, ya ce bai taɓa gwada shi ba, an gargaɗe shi kada ya taɓa abin da bai sani ba a sabuwar mota. Maigidana ya sa aka rage iskar tayoyi, aka kwashe lakar gaba da hannu, aka gyara shimfiɗar kabar. Ya wanke hannuwansa da ƙafafunsa a ruwan kwarin, ya goge a rigarsa, sannan ya shiga.

Fiye da shekara goma muna tare, ranar na fara ganinsa a bayan sitiyari. Zamansa ma ya sake. Ya ja ɗan ƙarfen nan, ya sa giya, ya taɓa ta kaɗan. Tayoyin gaba, waɗanda tun ɗazu suke tsaye kamar ba da su ake yi ba, suka motsa. Motar ta yi gurnani, ta girgiza, ta fito a hankali tana zubar da laka, ba wanda ya sa mata hannu, ta hau tudu ta tsaya. Bai kashe ta nan da nan ba. Ya ɗan zauna, hannuwansa a kan sitiyari, kansa a karkace yana sauraren injin, sai da direban ya matso sannan ya sauko.

Mai garin ƙauyen, wani dattijo da ya san labarin kamar kowa, ya matso ya kama hannunsa.

"Malam, ashe ita ce kake gaya mana shekara da shekaru?" in ji mai garin. "To mun ɗauki alhakinka. Ga shi ta yi maka shaida a gaban jama'a."

Abin da ya rage kawai ya ce ita ce. Da ya faɗa, da labari ya riga mu isa gida, da ya wanku a Haɗeja har abada, ƙila ma wani ya kira shi ya ba shi makulli. Babu mai iya ƙaryata shi a wurin, don babu wanda ya je Boma sai shi.

"Ranka ya daɗe, ba ita ba ce," in ji maigidana. "Waccan lori ce babba, tayarta shida. Wannan ban taɓa ganin irinta ba sai yau. Ban ma sani ba ko masu ƙera su ɗaya ne. Mota ce mai kyau, amma ba ta san ni ba, ba za ta yi mini shaida ba."

Mai garin ya saki hannunsa. Wani daga baya ya ce kun ji ko, an ba shi ya ƙi karɓa, sai mai taya shida, aka ɗan dara, ba dai kamar ɗazu ba. Attajirin ya yi godiya, ya miƙa masa goro, suka shiga suka tafi. Maigidana ya tsaya yana kallonta har ta shige cikin gorubai, sannan ya ɗauki sandarsa.

Muka ci gaba da tafiya, ni a baya ina ta juya abin a raina. Na san maƙaryata, na girma da su, kawuna ɗaya ma gwani ne. Ban taɓa ganin wanda aka miƙo wa shaida a hannu ya ture ba. Mutumin da ya ƙi cewa ita ce yau, ba shi zai ƙirƙiri mai taya shida ba. Ashe an yi lorin nan, an yi rafin nan, masu raunin da ya ɗauko mutane ne masu iyaye. Wutar da aka cinna mata gaskiya ce, shirun da yake yi in ya zo wurin ma gaskiya ne, ni kuwa har shirun nake kwaikwaya a bakin kogi. Kunya ta rufe ni, da tausayi, da wani irin so da ban taɓa jin kamarsa ba.

Na ga ba zan iya kai wannan gida a cikina ba. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, abin da in innata ta gani za ta ce na zubar mata da mutunci. Na ɗaga ƙafa na cim masa, na jera da shi a fili, rana tsaka. Ya dube ni da mamaki, ya tambaya ko goyon ne ba lafiya.

"Malam, gafara zan nema," na ce. "Duk shekarun nan da kake ba ni labarin motar nan, ban yarda ba. Hirar 'yan Boma na ɗauke shi. Amma yanzu na yarda, wallahi na yarda."

A zatona kyauta na ba shi. Na ɗauka zai yi murmushi ya ce ba komai, ko ya tsokane ni har mu isa gida.

Ya tsaya cak. Muna tsakiyar wata gonar shinkafa da aka yanke, belbelu na bin shanu can gefe. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba.

"Ashe har da ke?" ya ce. "Ni kuwa duk ranar da aka yi mini dariya a kasuwa, sai in ce ba komai, bari in je gida, akwai wadda ta sani. In na ga kin sunkuyar da kai kin yi shiru, sai in ce wannan ta yarda. Shi ke riƙe da ni."

Ya gyara ƙunshin a kafaɗa, ya ce mu je, rana na yi wa goyon yawa. Na koma bayansa. Na bakin kogi kam ban gaya masa ba, har ya koma ga Allah.

Mun yi fiye da shekara ashirin tare bayan wannan. Bai taɓa yi mini gori ba, bai canza mini fuska ba. Ya rayu har ya ji waɗanda suka yi masa dariya suna rantsuwa da motocin nan, bai kuma ce musu komai ba. Amma ni bai sake ba ni labarin ba, kuma ina kewarsa har yau, ina so in ji shi ko sau ɗaya ne da kunnen wadda ta yarda. Sau biyu na cire kunya na roƙe shi, na biyun yana kwance ciwon ajali, ina yi masa fifita. Ya juyo ya dube ni, ba tare da fushi ba, ya ce, "Ai kin ji shi."